Babi na Huɗu: Wa Ya Ƙirga Shekarun Ƙashin?

Duk sanda rediyo ya kawo labarin cewa an tono wani ƙashi a Habasha ko Kenya mai shekara miliyan uku, tambaya ɗaya ce take fara fitowa daga bakin masu saurare: wa ya ƙirga? Ƙashi dai ba ya magana. Ba a binne shi da takardar haihuwa ba, kuma babu wanda ya halarci mutuwar mai shi balle ya ba da shaida. To, ta yaya mutum zai ɗaga guntun muƙamuƙi ya ce shekarunsa miliyan 3.2, har da ɗigo biyu a kai, ya kuma sa ran a gaskata shi?

Mai wannan tambaya bai yi laifi ba, kuma ya cancanci cikakkiyar amsa. Amsar tana farawa ne daga abin da mutane da yawa ba su zata ba: a mafi yawan lokuta ba ƙashin ake aunawa ba. Ƙasar da ya kwanta a cikinta ake aunawa, da tokar da ke ƙarƙashinsa, da wadda ta rufe shi. Shi ya sa a wajen masu wannan bincike, wurin da aka tsinci ƙashi yana da daraja daidai da ƙashin, wani lokaci ma ya fi shi.

Ƙashin da ya koma dutse

Dabbar da ta mutu a daji ba ta cika barin komai ba. Kura ta tauna, ungulu ta yagi nata, rana ta farfasa abin da ya rage, ruwan damina ya kwashe. Cikin 'yan shekaru ko alama ba a gani. Sai an yi babbar sa'a gawa take faɗawa inda ƙasa za ta rufe ta da wuri: laka a bakin tafki, yashin kogi bayan ambaliya, tokar dutse mai aman wuta, ko ramin kogo. A can ne ruwan ƙarƙashin ƙasa yake ratsa ƙashin, yana ajiye sinadaran dutse a cikin ƙananan ƙofofinsa, kaɗan-kaɗan, har ƙashin ya yi nauyi, ya sauya launi, ya koma dutse amma da siffarsa ta asali. Irin wannan ne ake kira burbushin halitta. Haƙori da muƙamuƙi sun fi kowace gaɓa jurewa, saboda haka su aka fi samu.

Ba yau aka fara lura da wannan ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayani a cikin Kitabus Shifa a kan yadda dabbobi da tsirrai ke komawa dutse. A Kalambaina ta Sakkwato, inda ake haƙar dutsen yin siminti, akwai bawon halittun teku a cikin dutsen, domin teku ya taɓa shanye wurin sama da shekara miliyan 50 da suka wuce.

Binnewa kaɗai ba ta isa ba, dole kuma wani abu ya sake fito da ƙashin sarari. A nan ne Gabashin Afirka ya fi ko'ina dacewa. Akwai wani babban tsagi da ya keta ƙasa tun daga Habasha, ya ratsa Kenya, ya shiga Tanzaniya. Shekaru aru-aru koguna da tafkuna suna zuba laka a cikinsa, duwatsu masu aman wuta suna yayyafa toka a kai. Daga baya ƙasa ta motsa, wasu wurare suka ɗago, zaizayar ruwa ta yanka su. Yau mai tafiya a cikin kwazazzaban Olduvai na Tanzaniya yana iya ganin tarihin shekara miliyan biyu a jikin bango, hawa bisa hawa.

Masu ido

Aikin farko aikin ƙafa ne da ido. Mutane su jera su yi ta tafiya cikin zafin rana, kai a sunkuye, suna neman abin da launinsa ko santsinsa ya bambanta da na tsakuwa. Ana iya shafe wata guda ba a ga komai na kirki ba.

A wannan fage babu wanda ya kai Kamoya Kimeu, ɗan ƙasar Kenya, wanda ya rasu a 2022. A 1984, a gefen wani busasshen rafi da ake kira Nariokotome, yamma da tafkin Turkana, ya hango wani ɗan guntun ƙoƙon kai da bai wuce akwatin ashana ba, baƙi-baƙi a tsakiyar baƙaƙen duwatsu. Daga wannan guntu aka bi sawu, aka yi ta tankaɗe ƙasa da rariya shekara bayan shekara, har aka haɗa kwarangwal ɗin wani yaro kusan cikakke, wanda ya rayu kimanin shekara miliyan 1.5 da suka wuce. Littattafai sukan ambaci shugabannin ayari su manta da irin su Kimeu, alhali da yawa daga cikin manyan abubuwan da aka samo idon 'yan Afirka ne ya fara ganinsu. Ƙoƙon kan da aka raɗa wa suna Tumai, wanda aka tsinta a hamadar Jurab ta arewacin Chadi ranar 19 ga Yuli, 2001, wani matashin ɗan Chadi ne, Ahounta Djimdoumalbaye, ya fara hango shi.

Da zarar an ga ƙashi, ba a gaggawar ɗauka. Sai an ɗauki hotonsa a yadda yake kwance, an rubuta ainihin wurin, an gano hawan ƙasar da ya fito daga ciki. Sannan a ja igiyoyi a raba filin gida-gida, a shiga tono da buroshi da ƙananan tsinkaye irin na likitan haƙori. Ƙashin da ya yi taushi a ɗiga masa gam, a naɗe shi da filasta kafin a motsa shi. A kogon Sterkfontein na Afirka ta Kudu, Ron Clarke da abokan aikinsa sun shafe kusan shekara 20 kafin su ɓanɓaro kwarangwal ɗaya daga jikin dutse su tsabtace shi.

Abin da ƙashi ke iya faɗa

Kafin a zo maganar shekaru, ƙashin yana da nasa labarin. A ranar 24 ga Nuwamba, 1974, Donald Johanson da ɗalibinsa Tom Gray suka ci karo da guntun ƙashin hannu a Hadar ta ƙasar Habasha. Bayan makonni ana tattarawa, aka haɗa kusan kashi 40 cikin ɗari na kwarangwal ɗin wata halitta mace, wadda tsayinta bai wuce mita 1.1 ba. Turawa suna kiranta Lucy, Habashawa kuma Dinkinesh. Ƙwaƙwalwarta kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta mutumin yau, amma ƙashin ƙugunta gajere ne mai faɗi, ƙashin cinyarta kuma ya karkato ciki wajen gwiwa. Wannan siffa ta mai tafiya a miƙe ce da ƙafa biyu, ba ta biri mai rarrafe ba.

Bayan shekara huɗu shaida ta zo daga wani ɓangare dabam. A 1978 ayarin Mary Leakey ya gano sawun ƙafafu a Laetoli ta Tanzaniya, an taka su a kan jiƙaƙƙiyar toka, tokar ta bushe ta ƙame, wata ta sake rufe ta. Sawun ya miƙe kimanin mita 27. Dunduniya ta nutse, babban yatsa yana jere da sauran, kamar dai na wanda ya taka rairayi jiya. Tokar tana da shekara miliyan 3.6.

Ko ƙoƙon kai kaɗai yana nuna alama. Ramin da lakar gadon baya take fitowa ta cikinsa, a dabba mai ƙafa huɗu yana can baya, a mai tafiya tsaye kuwa yana ƙasa wajen tsakiya. Da wannan hujja Michel Brunet, shugaban ayarin da ya samo Tumai, ya ce halittar tana tafiya a miƙe. Wasu masana ba su yarda ba, kuma har yau ana kan wannan muhawara.

Haƙori ya fi kowa surutu. Farin ɓawonsa yana ginuwa ne kowace rana, yana barin siraran layuka da ake ƙirgawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Da wannan ƙirge aka gano cewa yaron nan na Turkana da Kimeu ya gano, wanda tsayinsa ya kai kusan mita 1.6, bai wuce shekara takwas zuwa tara ba da ya mutu, wato ya yi saurin girma fiye da yaran yanzu. Sinadarin da ke cikin haƙori kuma yana tona abin da mai shi ya ci. Akwai wani ƙoƙon kai mai manyan turame da aka daɗe ana zaton mai shi ƙwayoyi masu tauri yake fasawa. Da aka auna haƙoran irinsa, sai aka tarar abincinsu mafi yawa ciyawa ce da tsirran fadama dangin aya. Wani lokaci har sanadin mutuwa ake gani: a ramin idon yaron Taung, wanda Raymond Dart ya karɓa a Afirka ta Kudu a 1924, akwai tabon farata irin wanda gaggafa take bari a kan abin da ta sura.

Na ƙasa ya girmi na sama

Mataki na farko wajen sanin shekaru duk mai haƙar rijiya ya san shi. Yana wuce baƙar ƙasa ya tarar da ja, ya wuce ja ya tarar da yumɓu ko marmara, kuma bai taɓa shakkar cewa na ƙasan ne ya riga kwanciya ba. Nicolas Steno, ɗan ƙasar Denmak, ya rubuta wannan ƙa'ida a 1669, har yau kuma ita ce tubalin aikin. Ƙashin da ke hawa na ƙasa ya girmi wanda ke hawa na sama, matuƙar ba a taɓa hargitsa wurin ba.

Sauran dabbobin da ke kwance tare da shi su ma suna taimakawa. Giwaye da aladun daji na zamanin da sun yi ta sauya siffar haƙoransu, turamensu suna ƙara tsawo da tsayi daga zamani zuwa zamani. Masanin da ya ƙware yana iya duban turmin alade ya ce wannan irin na wane lokaci ne. Sai dai duk wannan yana nuna wa ya girmi wa ne kawai. Bai ba da lamba ba.

Agogon da ke cikin toka

Lamba tana zuwa ne daga wata ɗabi'a ta wasu sinadarai. Akwai ƙwayoyin zarra da ba sa zama yadda suke, suna rikiɗa da kansu su koma wani sinadari dabam, kuma saurin rikiɗar tasu ba ya sauyawa da zafi ko sanyi ko danshi irin na doron ƙasa. Kowane iri yana da ƙayyadadden lokacin da rabinsa yake ƙarewa.

A ɗauka manomi ya zuba dami 800 a rumbu, sai wani ƙwaro ya shiga wanda kowace shekara rabin abin da ya tarar yake ci, ba ƙari ba ragi, yana barin gari a ƙasa. Bayan shekara guda saura dami 400, bayan biyu saura 200, bayan uku saura 100. Baƙon da ya buɗe rumbun, ko bai san ranar da aka rufe shi ba, idan ya auna hatsin da ya rage ya kuma auna garin da ya taru, zai iya cewa shekara uku ke nan. Sharaɗin kawai shi ne a tabbata rumbun a share yake ranar da aka zuba, kuma ba wanda ya buɗe ya ƙara ko ya ɗiba.

Tokar dutse mai aman wuta ta cika wannan sharaɗi. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin dutse masu ɗauke da sinadarin fotashiyam, wanda wani nau'insa, fotashiyam-40, yake rikiɗa sannu a hankali yana haifar da iskar agon. Rabinsa yana ƙarewa ne a shekara biliyan 1.25. Lokacin da dutsen yake narke, duk agon ɗin da ke ciki yana tserewa, tunda iska ce. Da zarar an watso tokar ta huce, sai ƙwayar ta rufe, sabon agon ya fara taruwa daga sifili. A ɗakin gwaji sai a narkar da ƙwayar, a auna agon ɗin da ya fito, a gwada shi da fotashiyam, a fitar da ranar da dutsen ya yi aman. Idan ƙashi yana tsakanin toka biyu, ta ƙasa mai shekara miliyan 3.22, ta sama mai miliyan 3.18, to mai ƙashin ya mutu ne tsakanin waɗannan lokuta biyu. Kusan haka aka tsayar da shekarun Dinkinesh. Ƙashinta ko ƙwarzane ba a yi masa ba wajen wannan awo.

Ranar da wannan hanya ta fara girgiza masana tana cikin tarihi. A 1959 Mary Leakey ta samo wancan ƙoƙon kai mai manyan turame a Olduvai, aka ƙiyasta masa shekara kusan 600,000. A 1961 Garniss Curtis da Jack Evernden na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka auna tokar wurin, suka sami miliyan 1.75. A dare ɗaya tsawon tarihin da ake magana a kai ya ninka kusan sau uku.

Mai shakka zai ce, to wa ya gwada agogon kansa? An gwada shi, kuma wannan ne wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau. Dutsen Vesuvius na Italiya ya yi aman da ya binne birnin Pompeii a shekara ta 79 miladiyya, akwai kuma rubutaccen bayanin wanda ya gani da idonsa. A 1997 Paul Renne da abokan aikinsa suka auna ƙwayoyin dutsen wannan aman da sabuwar hanyar agon, suka sami shekara 1,925, da tazarar kuskure ƙasa da shekara ɗari. Lissafin kalanda a lokacin shekara 1,918 ne.

Toka tana da wani amfanin kuma. Kowane aman wuta yana da nasa haɗin sinadarai, wanda bai yi daidai da na wani ba. Wata toka mai shekara miliyan 3.4 da ke Hadar an gane ta a gefen tafkin Turkana, an kuma sake gane ta a cikin lakar da aka haƙo daga ƙasan tekun Aden. Da irin wannan ake ɗinke wurare masu nisa da juna a jere ɗaya. Sannan akwai maganaɗisun duniya, wanda yake juyawa lokaci-lokaci, arewa ta koma kudu. Juyawa ta ƙarshe ta auku kimanin shekara 780,000 da suka wuce. Ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ke cikin laka suna ƙamewa suna fuskantar inda kamfas yake nunawa a zamaninsu, saboda haka suna zama shaida ta biyu a kan abin da toka ta faɗa.

Kabon-14 da iyakarsa

Wannan ita ce hanyar da ta fi suna, har wasu suna zaton da ita ake auna komai. Ba haka ba ne. Willard Libby na Jami'ar Chicago ne ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma sami kyautar Nobel a kanta a 1960. Duk abu mai rai yana shigar da kabon-14 jikinsa, tsiro daga iska, dabba daga abinci. Ranar da ya mutu shigarwar ta tsaya, abin da ke ciki ya fara raguwa, rabi a kowace shekara 5,730. Libby ya fara gwada hanyar ne a kan katakon kaburburan sarakunan Masar da aka riga aka san zamaninsu. Daga baya aka ƙara daidaita ta da zoben shekara-shekara da ke cikin kututturen itatuwa.

Da ita aka san cewa kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987 a yankin da yake Jihar Yobe yanzu, ya kai shekara 8,000. Da ita kuma aka auna kaburburan Gobero a hamadar Tenere ta Nijar, inda mutane suka zauna a bakin tafki suna kamun kifi kusan shekara 10,000 da suka wuce. Amma bayan shekara 50,000 abin da ya rage na kabon-14 ya yi ƙanƙantar da ba a iya dogara da shi. Saboda haka duk wanda ya ce da kabon-14 aka auna Dinkinesh ko Tumai, bai fahimci zancen ba. Sun wuce iyakarsa nesa ba kusa ba.

Inda babu toka

Hamadar Jurab ba ta da jerin toka irin na Habasha da za a dogara da shi kai tsaye. Da farko dabbobi aka bi. Tare da Tumai an sami burbushin kifi, da kada, da dangin dorina da giwa, waɗanda suka yi kama da na wasu wurare a Kenya da aka riga aka auna tokarsu, aka ce tsakanin shekara miliyan shida zuwa bakwai. A 2008 aka gwada wata hanya da ba ta da alaƙa da wannan: beriliyam-10, sinadarin da yake samuwa a sararin sama, ruwa ya sauko da shi ya manne a laka, rabinsa kuma ya ƙare a kusan shekara miliyan 1.4. Sakamakon ya nuna miliyan 6.8 zuwa 7.2. Duk da haka, Alain Beauvilain, wanda yake cikin mutanen da ke wurin ranar da aka tsinci ƙoƙon kan, ya ja hankali cewa a saman yashi aka same shi, ba a manne cikin dutse ba, kuma iska ko mutane suna iya motsa abin da ke sama. Wannan ƙorafi yana da tushe, domin shekarun laka ba sa zama shekarun ƙashi sai an tabbatar daga cikinta ya fito.

A kogo kuma ruwa ne yake aikin. Ruwan da ke ɗiga daga rufi yana barin ɓawon farin dutse mai ɗauke da yuraniyam, wanda yake rikiɗa ya koma toriyam. A 2013 aka gano ƙasusuwa sama da 1,500 a can cikin kogon Rising Star na Afirka ta Kudu, wurin da sai an matsa ta wani tsagi mai faɗin santimita 18 ake isa. Halittar, wadda aka kira Homo naledi, tana da ƙaramar ƙwaƙwalwa, saboda haka masana da yawa suka zaci ta kai shekara miliyan biyu. Aka auna ɓawon dutsen da ya rufe ƙasusuwan, aka kuma aika haƙora zuwa ɗakunan gwaji dabam-dabam ba tare da wani ya san sakamakon wani ba. A 2017 amsa ta fito: tsakanin shekara 236,000 da 335,000. Siffa ta yaudari ido, awo ya gyara.

A wannan shekarar kuma aka sami akasin haka a Jebel Irhoud ta Maroko. Ƙasusuwan da aka fara samu a wurin a 1961 an daɗe ana ba su shekara 40,000. Sai aka koma kan makaman dutse da suka faɗa wuta a murhun mutanen wurin. Ƙwayar dutse tana tara wani ƙarfi daga ƙasar da ke kewaye da ita, wuta kuma tana share shi. Idan aka sake dumama dutsen a ɗakin gwaji, yakan saki ɗan haske daidai da abin da ya tara tun ƙonewarsa ta ƙarshe. Hasken ya nuna kimanin shekara 300,000, wanda ya mayar da su mafi tsufan ƙasusuwan da aka danganta da jinsin mutumin yau. Da irin wannan hanya ake auna gumakan yumɓu na Nok.

Shin ba sa kuskure?

Suna yi, har ma an taɓa yi musu zamba. A 1912 Charles Dawson ya gabatar da wani ƙoƙon kai da muƙamuƙi da ya ce ya tono a Piltdown ta Ingila. Manyan masana suka karɓa hannu bibbiyu, wataƙila don ya dace da abin da suke so su ji, wato cewa mutum na farko mai babbar ƙwaƙwalwa ne kuma a Turai ya tashi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka yi watsi da yaron Taung na Afirka shekara da shekaru. Sai da Kenneth Oakley ya auna sinadarin fulorin, wanda ƙashi yake sha daga ruwan ƙasa gwargwadon daɗewarsa, ya ga ɗan kaɗan ne a ciki. A 1953 asiri ya tonu gaba ɗaya: ƙoƙon kan na mutum ne, muƙamuƙin na birin orangutan, an goge haƙoran da magagari an shafa musu launi.

Na biyun ba zamba ba ce, kuskure ne na gaskiya, kuma ya fi koyarwa. A gabashin tafkin Turkana akwai wata toka da aka auna aka ba ta shekara miliyan 2.6. A ƙarƙashinta aka samo wani ƙoƙon kai a 1972, wanda da lissafin ya tabbata da ya zama mafi tsufan irinsa da tazara mai yawa. Basil Cooke, masanin haƙoran aladun da, ya ce sam: aladun da ke wannan hawa irin na shekara miliyan biyu ne a kwarin Omo na Habasha, kuma alade ba zai bambanta haka ba tsakanin wurare biyu da ke maƙwabtaka. Aka yi kusan shekara goma ana ja-in-ja. Tokar ta ba da wuya ne saboda ruwa ne ya kwaso ta ya zuba a wurin, ya cakuɗa ta da ƙwayoyin tsofaffin duwatsu. Da wasu ɗakunan gwaji suka sake aunawa da tsabtataccen samfuri, sai aka tsaya a kan kusan miliyan 1.9. Mai aladu ne ya yi gaskiya. Bayan wannan rikici aka koma auna ƙwayoyin toka ɗaya bayan ɗaya da hasken leza, ta yadda baƙuwar ƙwaya za ta fito fili a cire ta.

Saboda haka idan mai karatu ya ji an ambaci shekarun wani ƙashi, akwai tambayoyin da ya dace ya yi: daga wane hawan ƙasa ya fito, da wace hanya aka auna, hanyoyi nawa ne suka yi ittifaƙi, kuma nawa ne tazarar kuskuren. Lambar da toka da maganaɗisu da haƙoran dabbobi suka haɗu a kanta tana da ƙarfi ƙwarai. Wadda hanya ɗaya kaɗai ta bayar, a riƙe ta da sassauci. Ya kuma kamata a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Shekarun ƙashi abu ne da ake aunawa, wani ma ya sake aunawa. Amma cewa wannan halitta ita ce kakar wancan fassara ce, kuma a nan ne masanan kansu suka fi saɓani.

Wanda duk ya ci karo da baƙon ƙashi ko tsohuwar tukunya wajen haƙar rijiya, ko gini, ko noma, ya bar shi a inda yake, ya sanar da mai gari ko gidan tarihi mafi kusa. Makiyayin Dufuna haka ya yi, shi ya sa aka iya auna kwalekwalen. Abin da aka cire aka kai kasuwa ya rabu da ƙasar da za ta faɗi shekarunsa.

Duk hanyoyin nan suna amsa tambayar yaushe. Tambayar wa ya haɗa jini da wa kuwa, an fara samun amsarta ne daga cikin ƙashin kansa. A 2010 ayarin Svante Pääbo a Jamus ya karanta ƙwayoyin gado daga guntun ƙashin yatsa da aka samo a kogon Denisova na Saiberiya, ya gano wasu mutanen da ba a taɓa sanin sun rayu ba. Babi na gaba zai bi yadda ake ciro ƙwayoyin gado daga tsohon ƙashi, da dalilin da ya sa zafin Afirka yake lalata su da wuri, da abin da aka karanta daga ƙasusuwan yaran da aka binne a Shum Laka ta Kamaru shekara 8,000 da suka wuce.